Tattaki zuwa Farin Ruwa don ɗaukar hoto: wane wata, wane kaya, wane saiti?

Sabon Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san hanya da waɗanda suka san kyamara. Mu uku ne muke shirin zuwa magangarar Farin Ruwa da ke ƙaramar hukumar Wamba a jihar Nasarawa. Daga Abuja za mu tashi, kuma hoto ne zai kai mu, ba kallo kawai ba.

Kayan da ke hannuna su ne Canon ƙarama da lens biyu, 18-55 da 55-250, sai ƙafar kyamara mara nauyi da batir biyu. Ba ni da filta ko ɗaya. Abokan tafiyata da waya za su ɗauka.

Wane wata ya fi dacewa? Wasu sun ce mu je a tsakiyar damina lokacin da ruwan ya cika, wasu sun ce kada mu kuskura. Za a iya zuwa a dawo a rana ɗaya? Sannan yaya ake samun hoton nan da ruwa ke fitowa lallausa kamar an kwararo madara, ba tare da ya zama fari fat ba? Kuma yaya ake kare kyamara daga feshin ruwa? Kuɗin ba su da yawa, don haka idan abu ɗaya zan saya kafin tafiyar, me ya kamata ya zama? Allah ya saka da alheri.

Ɗan Akwanga ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Zan yi magana a kan lokaci da hanya, zancen kyamara na bar wa masu shi.

Ku saka tafiyar tsakanin ƙarshen Oktoba da tsakiyar Nuwamba. Damina a wannan yanki tana kankama daga Afrilu ta kai Oktoba, Agusta da Satumba kuwa su ne ƙarfinta. Idan ruwan sama ya ɗauke, kogin ba ya janyewa nan take, domin ƙasar tudun Jos da yake gangarowa daga cikinta ta sha ta ƙoshi, tana ta tatso ruwa har wasu makonni. A wannan ɗan tsakanin ne ake samun abu uku a haɗe: ruwa da sauran ƙarfinsa, hanya ta fara bushewa, sararin sama kuma tas. Da an shiga Disamba hazo zai sauko, a fara ƙona daji, ciyawa ta yi ja, dutsen da ke nesa ya dushe. Zuwa Fabrairu da Maris ruwan ya ragu ƙwarai, tafiyar ta yi sauƙi amma hoton ba shi ne wanda kake so ba.

Hanya ita ce Keffi, Akwanga, sannan Wamba. Daga garin Wamba akwai kimanin kilomita 30 zuwa wurin, kuma wannan guntun ne ke cin lokaci. Kada ku auna shi da gudun kwalta. Ƙaramar mota mai ƙasa-ƙasa ku bar ta a gari, ku nemi mota mai tsayi ko ku hau babur. Idan babur ne, ku yi ciniki na zuwa da jira da dawowa tun kafin a tashi, a biya rabi, sauran sai an dawo da ku. Jakar kyamara a bayanka za ta zauna, kada a ɗaure ta a kariya, girgizar hanyar tana kwance sukurori, tana kuma iya taɓa gilasan cikin lens.

Zuwa da dawowa Abuja a rana ɗaya yana yiwuwa, amma za ku isa da tsakar rana, lokacin da haske ya fi muni, kuma za ku dawo cikin dare, abin da ba a so a hanyoyin nan. Ku kwana a Akwanga ko Wamba, ku tashi da an idar da sallar asuba.

A ƙauyen ƙarshe ku tsaya ku gaida mai gari, ku faɗi abin da ya kawo ku, ku roƙa a ba ku ɗan jagora. Wannan ba al'ada ce kawai ba. Mutumin wurin shi ya san dutsen da ke da ƙudan zuma, ya san mashigar da ta zurfafa bana, ya san ko akwai wani motsi a dajin a makon nan. Ku tambaye shi ƙarfe nawa rana ke fara bugun fuskar ruwan, amsarsa za ta tsara muku yinin gaba ɗaya. Kafin ma ku bar gida ku nemi labarin tsaro daga wani mazaunin Wamba, kuma idan kun iso ku sanar da ofishin 'yan sanda ko 'yan banga inda za ku da lokacin da kuke sa ran fitowa. Idan mutanen gari suka ce yau ba a shiga, to ba a shiga.

Nisan da za ku taka da ƙafa ya danganta da inda babur ya iya kai ku a ranar. Lissafin da za ku riƙe shi ne, mai kaya a baya cikin ciyawa da duwatsu ba ya wuce kilomita 2 zuwa 3 a awa, kuma duk hawan mita 300 ku ƙara masa rabin awa. A Nuwamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6, kafin 6 da rabi duhu ya rufe, a cikin kurmi ma tun kafin haka. Ku duba agogo lokacin da kuka fara takawa da lokacin da kuka isa, ku ƙara awa ɗaya a kan wannan, shi ne lokacin da komawarku za ta ci. Ni dai shawarata, ƙarfe 2 ta yi muku kuna naɗe kaya, ko hoton ya samu ko bai samu ba.

Takalmi sau-ciki mai taya mai zane sosai, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Sabon takalmi zai yi maka bororo tun kafin rabin hanya, silifas kuwa santsi zai ƙwace shi. Dutsen da feshi ke jiƙawa kullum yana da gansakuka, wani lokaci ba ka ganinta, baƙi-baƙi kawai za ka ga dutsen yana ƙyalli. Irin wannan dutse ka fara gwada shi da sanda, ka taka da tafin ƙafa gaba ɗaya, taku gajere, hannuwanka biyu a sake. Kyamara tana cikin jaka duk lokacin da kake motsi. Yawancin faɗuwa tana zuwa ne lokacin da mutum ya kafa ido a kyamara yana ja da baya don ruwan ya shiga hoto.

Abin da ya fi komai haɗari shi ne kogi ya kawo. Ruwan nan daga saman tudu yake zuwa, ta wajen iyakar Bokkos. Ana iya tafka ruwan sama a can, ku kuna ƙasa rana na haskawa, bayan ɗan lokaci ya iso muku. Da kun isa ku kafa tsinke a daidai bakin ruwa, ko ku zaɓi wani dutse ku sa masa ido. Idan tsinken ya nutse, ko ruwan ya juye ja, ko kuka ga ganye da ƙirare suna tahowa, ko ƙarar ta canja, ku hau tudu nan take, ku kuma tabbata kuna ɓangaren da hanyar gida take. Wajen tsallake rafi, idan ruwa mai gudu ya wuce gwiwa a haƙura. Idan bai kai ba, ka kwance maɗaurin jaka na ƙugu da na ƙirji domin ka iya yar da ita idan ka faɗi, ka fuskanci inda ruwan ke fitowa, ka dogara sanda a gabanka, ka riƙa jan ƙafa gefe-gefe. Da takalminka za ka shiga, kuma ɗaya bayan ɗaya.

Kada ku dogara da sabis ɗin waya. Ku sauke taswirar yankin tun kuna gari, kowa ya riƙe tocila da usur, a bar wa wani a gida sunan ƙauyen da lokacin da zai fara nema idan bai ji ku ba.

Tsohon Mai Hoto ya rubuta:

Ɗan Akwanga ya gama magana a kan lokaci, kuma duk saitin da zan faɗa a kan maganarsa ya tsaya, domin babu filtar da ke gyara hasken ƙarfe 12.

Abu ɗaya da za ka saya, ɗana, filtar CPL ce, gilashin da ake ɗaurawa a gaban lens, mai faɗin milimita 58. Ka duba bayan murfin lens ɗinka za ka ga lambar, lens biyun nan na Canon duk 58 ne, filta ɗaya ta ishe su. Aikinta biyu. Tana kashe ƙyallin da ke kan jiƙaƙƙen dutse da ganye, sai launinsu na gaskiya ya fito, kuma wannan abu ne da kwamfuta ba ta iya yi maka daga baya. Sannan tana rage haske da mataki ɗaya da rabi zuwa biyu, kowane mataki kuwa raba haske biyu ne. Juya ta ake yi a hankali ana kallo, har ƙyallin ya ɓace. Kada ka kashe shi duka, ka bar ɗan kaɗan, in ba haka ba dutsen zai fito kamar busasshe. Idan kuɗi sun ragu ka ƙara ND64, filta mai duhu da ke rage haske. Filtar ND mai juyawa mai araha ka guje ta, idan zum yana kan 18 tana zana baƙin gicciye a tsakiyar hoto.

Ga lissafin, don ka san dalilin. Laushin ruwa daga tsawon lokacin da shata, wato ƙofar da ke barin haske ya shiga kyamara, ke buɗe yake zuwa. A cikin rana tsaka, a ISO 100 (ƙarfin jin hasken kyamara) da f/11 (girman ramin lens, yawan lambar ƙanƙantar ramin), kyamara za ta ba ka wajen 1/250 na daƙiƙa, wanda ke daskarar da ruwa. ND64 tana ninka lokacin sau 64, sai ka sauka wajen 1/4. A inuwa ko ƙarƙashin gajimare kuwa, f/11 za ta ba ka wajen 1/30, CPL kaɗai ta kai ka 1/10 ko ƙasa da haka, ka ga ka riga ka shiga inda kake so ba tare da ND ba. Shi ya sa isa da wuri ya fi sayen kaya. Mutane da yawa suna matse lens zuwa f/22 don su rage haske, sakamakon shi ne hoto ya yi laushi ko'ina har da dutsen, kuma duk ƙurar da ke kan sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, ta bayyana. Ka tsaya tsakanin f/8 da f/11, f/16 ita ce iyaka.

Yanzu ga inda ake kuskure da babban ruwa. Ana ƙiyasta tsayin Farin Ruwa da mita 150, faɗinsa wajen mita 50. Ruwa mai wannan yawa da gudu idan ka ba shi daƙiƙa 2 ko 5 zai zama farin fili, babu zare babu tsari. Dogon lokaci irin wannan na ƙaramin rafi ne. A nan ka fara daga 1/15, ka ɗauka, ka sauka 1/8, 1/4, 1/2, kana duba kowanne da zum a bayan kyamara. Galibi tsakanin 1/8 da 1/2 za ka sami wanda ruwan ya yi laushi amma ana ganin igiyoyinsa. Kowane saiti ka ɗauka sau uku ko huɗu, domin zubin ruwa ba ya maimaita kansa. Ka kuma ɗauki wasu a 1/1000 da lens ɗin 55-250, ka matso da inda ruwan ke dukan dutse yana tarwatsewa. Sau da yawa waɗannan ne ke nuna ƙarfin wurin.

Fari fat da ka ambata yana faruwa ne saboda kyamara tana ganin baƙin dutse da duhun kurmi sai ta ƙara haske, ruwan ya ƙone. Abin da ya ƙone ba ya dawowa. Ka sa kyamara a M, inda kai ne ke saita komai, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da ake gyarawa daga baya, ka duba hoton da jadawalin haskensa. Idan tudun jadawalin ya manne da bangon dama, ko ka ga ruwan yana ƙyaftawa baƙi da fari a allon, ka rage haske da kashi biyu bisa uku na mataki ko mataki guda, ka sake. Dutsen zai yi duhu, ba komai, ana ɗago shi a manhajar gyaran hoto ta Lightroom. Kada ka yarda da hasken allon kawai, a cikin inuwa yana nuna hoto ya fi yadda yake haske.

Ƙafar kyamararka mara nauyi ita ce raunin kayanka, domin babbar magangara tana tura iska. Ka fara buɗe gaɓoɓi masu kauri, siraran na ƙasa sai dole. Sandar tsakiya kada ka ɗaga ta ko kaɗan. Ka rataya jaka a ƙasanta yadda gindin jakar zai ɗan taɓa ƙasa, idan tana lilo ta ƙara ɓarna. Kowace ƙafa ka danna ta ka ji ta kama, a kan dutse mai santsi ka nemi tsaga ka cusa ta. A jikin lens akwai maɓallai biyu: ka saita fokas a kan dutsen da ke gefen ruwan, ka mayar da na farko MF, wato fokas na hannu, don kada ya riƙa farautar feshi, na biyun mai hana girgiza ka kashe shi. Ka sa taima ta daƙiƙa 2, hannunka ya bar kyamara kafin ta ɗauka. Igiyar wuya ka naɗe ta, iska na kaɗa ta. A jikin wannan igiyar ta Canon akwai ɗan baƙin roba, na toshe ramin leƙawa ne don kada haske ya shiga ta baya idan ka sa ND.

Batun girma. Idan kyamara tana kwance a 18, tana ɗaukar kusurwa mai digiri 45 daga ƙasa zuwa sama, wato abu mai tsayin mita 150 sai ka ja baya kimanin mita 150 kafin ya shiga. Idan ka tsayar da ita, wajen mita 75 ya isa, amma za ka ɗaga bakinta sama sosai, saman ruwan ya tsuke, ya fito gajere. Mafi kyau ka nemi wuri mai ɗan tudu daga nesa ka yi amfani da 35 ko 55. Kuma ka sa mutum a hoton, ɗan jagora idan ya yarda ko abokinka da jar riga, a kan busasshen wuri mai aminci. Ba tare da mutum ba, mai kallo ba zai bambanta mita 150 da mita 15 ba.

Feshi zuwa yake yi yana ɗaukewa tare da iska. Ka tsaya ka lura da shi na minti biyu, za ka gane tazararsa. Ka sa hular lens, ka rufe jikin kyamara da leda ko hular wanka ta roba, ka tanadi ƙyallen goge gilashi huɗu, kowanne a tasa ledar, domin da ɗaya ya jiƙe shafa ruwa kawai yake yi. Tsarin shi ne ka gama saiti, ka goge filta, ka rufe gabanta da murfi ko tafin hannu ba tare da taɓawa ba, ka danna, ka janye hannu kafin taima ta ƙare. Bayan kowane hoto ka leƙa gaban filtar. Ɗigo ɗaya a f/11 tabo ne a tsakiyar aikinka. Canja lens kuwa sai ka bar wurin feshi, ka juya baya ga iska, bakin kyamara yana kallon ƙasa.

Idan rana tana bayanka kuma ba ta yi sama sosai ba, da hantsi ko bayan la'asar, bakan gizo na fitowa a cikin feshin. CPL tana iya ƙara masa launi, tana kuma iya shafe shi gaba ɗaya, ka juya ta kana kallo.

Mai Bidiyo ya rubuta:

Baba, a gafarce ni, ina da ja a wuri ɗaya. Wanda yake son ya nuna Farin Ruwa a kan ganiyarsa, a Satumba yake. Gajimare ya rufe rana yini guda, hasken da ake nema ke nan, ciyawa kore shar, ruwan kuma ya cika faɗinsa. Na yarda ba tafiyar sabon shiga ba ce, amma kada a ce hoton Nuwamba ya fi.

Ga masu waya. A iPhone ku kunna Live, ku ɗauka wayar tana kafe, sannan a cikin hotuna ku zaɓi dogon ɗauka, ita za ta haɗa laushin da kanta, sai dai tana ɗan yanke gefen hoto, ku bar sarari. A Android ku shiga Pro, ISO mafi ƙanƙanta, shata 1/8 ko 1/4, wannan sai a inuwa kuma da ƙaramar filtar ND mai maƙalawa. Waya ma tana son abin kafawa, ko da jaka ce a kan dutse. Idan akwai mai tunanin zuwa da jirgi mara matuƙi, a Najeriya sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa, kuma iskar da ke gaban ruwan tana fizgar ƙananan.

Tsohon Mai Hoto ya rubuta:

Gaskiyarka a kan hasken Satumba, ban musa ba. Amma a lokacin ruwan yakan ɗauko jar ƙasa bayan an yi ruwan sama, feshin kuma yana kaiwa nesa har wuraren tsayawa masu kyau su gagara, ga tsallaken rafi. Wanda yake son cikar damina ba tare da wannan kasada ba, ya fara da Gurara a jihar Neja, kusa da hanyar Suleja zuwa Minna, ko Assop a Hawan Kibo, ko Matsirga kusa da Kafanchan. Duk ba su da nisa da titi. Ina ma ba Sabon Hannu shawara ya je Gurara tukuna ya gwada saitin nan yini ɗaya, kada ya zama a gindin Farin Ruwa ne zai fara neman inda taima take.

Malamar Jinya ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Bari in ƙara abin da ya shafi jiki, tunda daga wurin zuwa asibiti tafiya ce.

Ruwan sha kowa ya ɗauki lita 3 aƙalla, a riƙa kurɓa tun kafin ƙishi, kimanin rabin lita duk awa ɗaya ta tafiya. Kada ganin kogi ya sa ku rage, akwai ƙauyuka da shanu a samansa. In ya zama dole a sha, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa ƙwayar tsarkake ruwa a jira minti 30. Ku riƙe ƙunshin ORS uku ko huɗu. Idan babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya fara ciwon kai, jiri, ko fitsarinsa ya yi ja sosai, a zaunar da shi a inuwa a ba shi. Guzuri mara nauyi: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, burodi. Kilishi yana da daɗin ɗauka amma yana jawo ƙishi.

Maciji shi ne abin da nake so ku ji da kyau, domin ƙarshen damina lokacin ciyawa ne. Akwai kububuwa, akwai kasa, akwai gamsheƙa. Dogon wando mai kauri, safa, takalmi rufaffe, ɗan jagora a gaba, kuma kada a cusa hannu a ramin dutse ko a dafa inda ido bai gani ba. Jakar da aka ajiye a ƙasa a girgiza ta kafin a ɗauka. Idan tsautsayi ya faɗa, kada a ɗaure da igiya ko roba, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a tsaya neman macijin. A cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi, a ɗaure gaɓar da sanda kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauki mutumin zuwa babur, a nufi asibitin da ke da allurar dafi. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, mutum na iya cewa ya ji sauƙi alhali jini na tsiyaya a ciki, don haka ko bai ji ciwo ba sai an je. Ku tambayi wane asibiti ne ke da allurar tun kuna gari, ku rubuta.

A bakin ruwa mai gudu akwai ɗan baƙin ƙuda mai cizo da rana, shi ne ke yaɗa cutar makantar kogi. A 2018 an sanar da katse yaɗuwar cutar a Filato da Nasarawa, amma ƙudan yana nan, cizonsa na ƙaiƙayi da kumburi, kuma ƙafafu ya fi so. Ku cusa wando cikin safa, ku shafa maganin sauro mai DEET, ku wanke tafin hannu kafin taɓa kyamara domin yana cin roba. Turare mai ƙarfi a bar shi a gida saboda ƙudan zuma.

Wanka a gindin magangara ban yarda da shi ba. Ruwan da ya cika da kumfa ba ya ɗaukar mutum kamar ruwan kwance, kuma yana juyawa ya mayar da shi ƙarƙashi, gwanin iyo ma yana rasa yadda zai yi. Kwantaccen ruwa na gefen ƙauye kuma shi ne gidan katantanwar tsargiya. Wanda ya ga jini a fitsari makonni bayan tafiya ya je a gwada shi.

A ƙaramar jaka ku haɗa bandeji mai naɗewa guda biyu, filasta, auduga, aidin, farasitamol, maganin ƙaiƙayi, da almakashi. Idan an ga walƙiya, ku ƙirga: daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In tsawa ta biyo kafin 30, ku sauka daga kan fili da tudu, ku nisanci doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, a kwantar da ƙafar kyamara a ƙasa.

Sabon Hannu ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Mun tsayar da makon farko na Nuwamba, za mu fara da Gurara kamar yadda Baba ya ce. Saura tambaya ɗaya: idan duk da haka kyamara ta jiƙe, ko na ga raɓa a cikin lens, me zan yi a wurin, me zan yi a gida?

Tsohon Mai Hoto ya rubuta:

Idan feshi ne a jiki, ka goge da busasshen tawul kafin ka juya zum, domin lens ɗin 18-55 yana fita yana komawa, kuma duk ruwan da ke jikin bututun ciki yake ja. Ka miƙar da shi, ka goge, sannan ka mayar.

Idan ta faɗa ruwa ko ta sha sosai, ka kashe ta, ka zare batir da katin memori nan take, kuma kada ka kunna don ka ga ko tana aiki, wannan gwajin ne ke ƙona ta. Katin yawanci yana tsira, ka shanya shi ka adana daban. Ka buɗe murafun batir da kati, ka naɗe ta a tawul, a gida ka sa ta a roba mai murfi tare da ƙunshin silika masu yawa, irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin takalmi, kwana biyu zuwa uku, sannan ka kai wa mai gyara ya buɗe ya duba kafin a sa batir. Kada ka shanya ta a rana tsaka ko ka busa mata iska mai zafi.

Raɓa a cikin lens daga canjin sanyi zuwa ɗumi take zuwa, misali an fito da kyamara daga mota mai AC. Ka bar ta cikin jaka a rufe minti 20 zuwa 30 ta ɗauki ɗumin waje. Idan ta riga ta yi, ka cire filta da murfi ka ajiye a inuwa mai iska, za ta washe. Kada a kwana da kaya cikin jiƙaƙƙiyar jaka, da haka fumfuna ke kama gilashi daga ciki, kuma idan ta daɗe tana cin rufin gilashin. Da kun isa masauki ka fito da komai ka baza, ƙafar kyamara ma ka miƙar da gaɓoɓinta ka ɗauraye yashin da ruwa mai tsabta, ta bushe kafin ka naɗe. Tun daga gida ka shimfiɗa manyan ledoji biyu a cikin jakar, ɗaya cikin ɗaya, kayan su shiga ciki ka murɗe bakin, katin da ya cika kuma ya zauna a aljihu mai zif, ba cikin kyamara ba.